Ganye a Kan Hular Kwano

A ƙasar Amurka akwai wani wasa da su ke kira ƙwallon ƙafa, amma ba irin namu ba ne. Ƙwallonsu dogo ne kamar ƙwai, da hannu a kan ɗauke shi a ruga da shi, abokan karawa kuwa suna da izini su kama mutum su fyaɗa shi da ƙasa. Mutum goma sha ɗaya ne a kowane gefe. Saboda yawan karo, kowa ya kan sa hular kwano mai shingen ƙarfe a gaban fuska. A kan wannan hula ne maganarmu ta ke a wannan wata.

A Jami'ar Jihar Ohayo, cikin birnin Kolumbus, hular 'yan wasa launin azurfa ce. Wajen ƙarshen shekarun 1960, a zamanin mai horar da su Woody Hayes, aka soma wata al'ada. Duk wanda ya yi abin bajinta a fili, sai a manna masa 'yar farar takarda a hula, girmanta kamar kwabo, da zanen koren ganye a kanta. Ganyen na wani itace ne na jihar, wanda su ke kira buckeye, watau idon barewa, gama ƙwayarsa ta yi kama da shi. A farkon kakar wasa hula fayau ta ke. Kafin watan Nuwamba ya ƙare sai ka ga ta wani ta cika maƙil, ta wani kuwa da 'yan ganye kaɗan. Wasu makarantu ma sun taɓa yin tasu alama: a Jami'ar Jojiya ƙashin kare, a Jami'ar Jihar Fulorida ɗan gatari.

To, 'yan'uwa, ga tambaya. Daidai ne a rubuta darajar mutum a kansa, inda kowa zai ƙirga?

Kada mu yi garajen cewa a'a. Mun sani yabon gwani ya zama dole. Saurayi ɗan shekara 19 wanda ya sha rana da bugu yana bukata a ce masa an gani. Takardar nan ba ta da tsada, ba a cin abinci da ita, duk da haka ƙarti su kan yi ɗokinta kamar yara. Wannan ba wauta ba ce. Wanda ya taɓa zuwa gayya ya san yadda kiɗa da kirari su kan sa gajiyayye ya ƙarasa kunyarsa. Mai horo wanda ba ya yabo sam, rowa ce ta ke damunsa, ko da ya kira ta horo.

Wahalar tana wani wuri dabam. A cikin goma sha ɗayan nan da su ke kai hari, akwai ƙarti biyar da su ke tsayawa a sahun gaba. Aikinsu su ture abokan karawa, su buɗe hanya domin mai gudu ya wuce. Dokar wasa ma ta hana su cafe ƙwallon da aka jefo gaba, sai in an yi wani shiri na musamman. Mai gudu ya ƙetare layi, aka rubuta maki 6, jama'a suka tashi da sowa suna kiran sunansa. Su biyar ɗin suna can ƙasa, suna tattara kansu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ba mu ce masu horo makafi ba ne. Su kan duba hoton wasan daga baya, su ba mai tarewa ganyensa. Amma abin da ya ke da sauƙin ƙirgawa shi ne ya kan fi samun lada. Ku dubi kyautar Heisman, wadda tun 1935 a ke ba gwanin gwanaye na 'yan wasan jami'o'i. Ba a taɓa ba ɗaya daga cikin biyar ɗin nan ba. A 1973 John Hicks na Ohayo ya zo na biyu. Archie Griffin, mai gudun da Hicks ya yi ta share wa hanya, shi ya ɗauki kyautar a 1974, ya sake ɗauka a 1975. Ba mu ce Griffin bai cancanta ba. Ya cancanta ƙwarai. Ido ne kawai ya ke bin ƙwallo.

Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi. Lada malami ne. Idan yaro ya gane da abin da a ke samun ganye, zai bi wannan abu, ko da ya bar wurin da aka ajiye shi ya tsare. Mai tsaron baya ya hango ƙwallo a sama, ya bar mutuminsa ya yi tsalle don ya cafe. In ya dace, ga ganye. In ya kuskure, jama'arsa duka ne za su biya. Ashe hular tana iya koya wa mutum ya yi caca da rabon 'yan'uwansa.

Masu wannan wasa sun daɗe suna ja-in-ja a kan batun. A Jami'ar Jihar Pensilbaniya hula fara ce da layi ɗaya, ba alamar kowa. A Mishigan Bo Schembechler ya kawo alamun a 1969, Lloyd Carr ya kawar da su a 1995, Jim Harbaugh ya komo da su a 2015. A Ohayo kuwa, da Jim Tressel ya karɓi horo a 2001, bai cire ganyen ba, sai ya sāke ma'auni. In an ci wasa, kowa da kowa ya sami ganye. In masu kai hari sun cika abin da aka ɗiba musu, dukansu su samu tare, mai gudu da mai tarewa.

A kakar 2002 Ohayo ta ci wasa 14 ba faɗuwa, ta zama zakarar ƙasa. Wasu su kan kafa hujja da wannan, amma mu ba mu yarda ba. Hayes ma ya zama zakara a 1968 da tsohon ma'auni. Pensilbaniya ta zama a 1982 da 1986 da farar hula. Mishigan ta samu a 1997 ba alama, ta kuma samu a 2023 da alama. Nasara ba ta raba wannan gardama ba, tilas mu auna da hankalinmu.

Mu dai ra'ayinmu ya fi karkata ga hanyar Tressel. Farar hula tana da kwarjini, amma ba ta gyara rashin adalcin ba, gama jarida da 'yan kallo za su ci gaba da yabon mai gudu ko da ganye ko babu. Ta dai hana mai horo ɗan abin da zai iya daidaita ma'auni da shi. Tressel ya riƙe yabon, ya juya shi ya fuskanci inda idon jama'a ba ya zuwa.

Wani zai ce, “To, wanda ya zauna a benci bai taɓa ƙwallo ba fa? Shi ma ganye?” Tambayar tana da ƙarfi, ba mu kuwa ce babu malalaci da zai ci bulus ba. Lalle za a samu. Amma a cikin mazauna bencin nan akwai waɗanda a ke sa su su kwaikwayi abokan karawa a lokacin gwaji. Su kan koyi dabarun wata makaranta cikin 'yan kwanaki, manyan 'yan wasa su yi ta kayar da su daga Talata har Alhamis domin su saba. Ran Asabar su kan sa hularsu su tsaya a bakin fili, da yawansu kuwa har su gama makaranta mai shela bai kira sunansu ba ko sau ɗaya.