Tsuntsayen Kaka da Haƙƙin Masauki



Duk wanda harkar dankali ko tumatir ta kai shi Jos tsakanin Satumba da Nuwamba, in ya samu sarari ya leƙa madatsar ruwa ta Lamingo da sassafe. Wajen tudu ne, kusan mita 1,200 sama da teku, ga sanyi. A irin wannan lokaci tsuntsaye ke kan hanya. Shamuwa da ta yi damina a garuruwanmu tana haramar tafiya kudancin Afirka. Tsattsewa kuma tana isowa daga Turai, bayan ta ƙetare Bahar Rum da Sahara, alhali nauyinta bai fi giram 20 ba. Da yawansu sai Boje a Jihar Kuros Riba, inda suke kwana cikin dogayen ciyayi har wajen Maris. Kusa da nan, a Laminga, akwai cibiyar nazarin tsuntsaye ta Jami'ar Jos, inda ake sa musu zobe a ƙafa don a gane hanyarsu.

To ga tambaya: ina ne gidan tsuntsun da yake rabin shekara a nan, rabi a can? Bature zai ce nasa ne, don a rufin ɗakinsa ya yi ƙwai. Mutumin Boje zai ce a gonarsa yake kwana wata da watanni. Gaskiyar ita ce rayuwarsa ta rataya a kan duka biyun, har da kowane tafki da ya sauka a hanya. In fadama ɗaya ta ƙafe ko aka zuba mata guba, tafiyar ta yanke, ko da sheƙarsa na nan lafiya lau.

Mu ma haka muke. Sau nawa ka ji an ce, “Ai mu baƙi ne, kuɗi muka zo nema”? Da wannan magana ake barin kwata ta toshe a ƙofar shago, a ƙi fitowa aikin gayya, a ƙi zuwa gaisuwar maƙwabci don ba yarenmu ɗaya ba. An ce baƙo raɓa ne. Amma Sabon Ibadan tun 1916 aka kafa shi. Wace irin raɓa ce ke shekara ɗari ba ta bushe ba? A nan aka haifi 'ya'yanmu, a nan muka binne iyaye.

Wani zai ce, in ka saki jiki da garin mutane sai ka manta naka, kuma kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Wannan tsoro yana da tushe, mun ga yaran da Hausa ta fara yi musu nauyi a baki. Sai dai tsattsewa ba ta canza kuka don ta sha ruwan Lamingo. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, a duk inda ya sauka. Riƙe harshe da tarbiyya aikin cikin gida ne, kuma share kwata bai taɓa rage wa kowa asali ba.

Tsuntsu ba a tambayarsa abin da ya yi wa tafki, mu kuwa za a tambaye mu. Garin da ya ba ka ruwa da kasuwa yana da haƙƙi a kanka, ko gobe za ka koma. Ranar tsaftar unguwa mai zuwa, Alhaji, ka fito da kanka, kar ka tura yaron shago.

Allah Ya sa mu bar masauki fiye da yadda muka same shi. Juma'a mai albarka.