Ɗalibi a Baƙuwar Ƙasa Amana Ne a Wuyanmu

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci ga Manzonsa. Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi na Zabori: a watan Afrilu 2023, ana cikin azumi, yaƙi ya ɓarke a Khartum, ɗalibai baƙi suka rasa abinci da kuɗin mota. A shekarar ne kuma aka rufe gadar Gaya, masu karatu a Kwatano suka koma tsallaka kogi da kwale-kwale. Addu'a kaɗai ba ta sauke mana nauyinsu. Kafin yaro ya tafi, mu san unguwarsa da mai masaukinsa. Kowace Juma'a mu zuba ko da dala ashirin a asusun masallaci, domin jinyarsa ko guzurin komowarsa. Allah Ya tsare matafiyanmu, amin.