Lauyan Mai Sayar da Ƙwaya: Abokin Ɓarna ne?

In ka zauna a majalisar dattawa a Jega, aka tayar da zancen lauyan da ya tsaya wa wanda hukumar NDLEA ta kama da tiramol ko wiwi, abin da za ka ji shi ne: "Ai ɓarawo da mai riƙe masa jaka duk ɗaya ne." Ba kuwa za a ga laifinsu ba, domin sun ga yadda ƙwaya ta haukatar da samari, har gwamnati ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin a 2018.

Amma fa, ya kai mai karatu, zargi daban, laifi daban. A ɗauka direba ne ya yi lodin albasa a Aliero, ya bi ta Maiyama zai nufi kudu, wani ya cusa ƙullin ƙwaya cikin buhu bai sani ba. An tsare shi, bai iya Turanci ba, bai san ƙofar Babbar Kotun Tarayya da ke Birnin Kebbi ba. Wa zai yi magana a madadinsa? In aka hana shi lauya don tsanar ƙwaya, an huce a kan wanda bai ji ba bai gani ba.

Tarihi ma ya gargaɗe mu. Gwamnatin soja ta Janar Buhari ta kafa Doka ta 20 a 1984, wadda ta tanadi kisa ga masu fataucin hodar iblis, aka kuma mayar da ita baya ta hau laifin da aka yi kafin a kafa ta. A watan Afrilu na 1985 aka harbe mutum uku a Legas. Ciniki bai mutu ba, sai da aka kafa NDLEA a 1989. Sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗauki wanda ake tuhuma a matsayin marar laifi har sai an tabbatar, ya ba shi damar ɗaukar lauya. Shari'ar Musulunci ma mai ƙara ta ɗora wa kawo hujja.

To, ina iyakar lauya? Yana da damar ya matsa wa mai gabatar da ƙara ya kawo shaida, ya tambayi yadda aka kama kayan da inda aka gwada su, ya roƙi sassauci. In ya shirya shaidar zur, ko ya kai wa alƙali toshiyar baki, to, a nan maganar dattawan Jega ta hau kansa.

Abin da ya fi cancanta mu ji haushinsa shi ne, babban dila yana da kuɗin ɗaukar manyan lauyoyi, shi kuwa yaron da aka kama da ƙulli ɗaya sai ya daɗe a kurkuku yana jiran shari'a. Domin irinsa aka kafa Hukumar Ba da Agajin Lauya a 1976, amma mutum nawa ne a ƙauyukanmu suka san da ita? Wannan aiki ne a wuyanmu, mu ɗalibai, mu kai labarinta gida da harshen da iyayenmu ke ji. Allah ya sa mu dace.