Kunya da Ran Mai Haihuwa

Kunya ado ce ga ɗan Adam, babu mai musun wannan. A ƙauyukan Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, kamar sauran ƙasar Hausa, akan yabi yarinyar da ta yi haihuwar fari ba a ji ko nishinta ba. Takan ɓoye cikinta, miji kuwa yakan kau da kai, gama tambaya a kan cikin fari abin kunya ne. To, amma in kunya da rai suka yi karo, wanne ya kamata ya kauce?

Haɗarin haihuwa iri uku ne manya. Na fari zubar jini bayan haihuwa, wanda yakan kashe mace cikin sa'a 2 in ba a tsai da shi ba. Na biyu jijjiga, wadda takan aiko da alamunta tun da wuri, watau ciwon kai mai tsanani, da kumburin fuska da hannuwa, da gani dishi-dishi. Na uku doguwar naƙuda. In ta kwana ta wuni, sau da yawa jariri yakan mutu a ciki, uwa kuma ta tashi da yoyon fitsari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mata wajen 82,000 suka rasu ta hanyar ciki da haihuwa a Nijeriya cikin shekarar 2020.

Dukan waɗannan suna da magani, in an faɗa da wuri. Amma mai kunya takan yi shiru, ungozoma ta jira, uwar miji ta ce a bari maigida ya komo daga gona ko kasuwa ya ba da izini. Wadda take ƙauyen Riruwai, bayan Dajin Falgore, kafin a sami mota zuwa asibiti lokaci ya ƙure.

Waɗansu sukan ce kwana ne ya ƙare. Gaskiya ne, rai na Allah ne. Amma manomin da ya ƙi noma gonarsa ba ya ɗora wa ƙaddara laifin yunwa. An yi kunya ne domin ta tsare mutunci, shirun da ya kai mace kabari kuwa bai tsare kome ba.

Saboda haka nauyin yana wuyan maigida, gama shi ne kunyar ba ta ɗaure wa baki ƙwarai ba. Ya tura iyalinsa awon ciki, ya tanadi kuɗin mota tun kafin wata ya kama, ya kuma bar izini a gida cewa ko ba ya nan a kai ta asibiti. Wanda ya yi haka bai zubar da kunya ba, amana ya riƙe.