Wanda anka ba amana, yana da ikon aje aiki?

Yau tambaya na kawo maka. Cikin ajinmu na yaƙi da jahilci ta taso.

Ran nan muna koyon rubuta adireshi a bayan ambulan. Sai wani dattijo ya aje allonsa ya ce: "Malam, ni ina da ƙorafi bisa mutanen gidan waya. Wata shekara, ina saurayi, rumbunmu ya ƙare tun damana ba ta yi tsakiya ba. Yayana yana Abijan, ya aiko muna da manda. Na yi sammako, na taka ƙasa har hantsi. Na tarar da ƙofa rufe. Anka ce ma'aikata suna yajin aiki. Na koma gida hannu banza. To wanda anka ba amana, yana da ikon aje ta don biɗar nashi?"

Aji ya rabu biyu. Wasu sunka ce wannan cin amana ne. Wasu sunka ce shi ma ma'aikaci yana da iyali. Ni kuwa na ce: "Baba, a yi mini haƙuri. Bari mu fara jin inda ƙungiyar ma'aikatan gidan waya ta samo asali, sannan mu yanke."

Ƙungiyar ma'aikata ita ce muke kira sandika. Zamanin mulkin mallaka, ƙasarmu da Gine da Senegal da wasu ƙasashe duk gwamna ɗaya ke riƙe da su, yana zaune Dakar. A 1937 Faransa ta yarda baƙar fata su kafa sandika, amma sai wanda ya iya karatu da rubutun faransanci ke shiga. Ka ga tun nan an rufe wa wanda bai yi karatu ba ƙofa. A 1944 anka sassauta dokar.

Lokacin nan, cikin gidan waya guda, Bature da baƙin mutum suna iya yin aiki iri ɗaya. Su sayar da tambur, su buga waya, su biya manda. Amma albashi ba ɗaya ba. Bature yana da kuɗin iyali da wasu alfarma da baƙin mutum bai samu kamarsu ba. In mutum guda ya yi magana, sai a kore shi, a ɗauki wani.

A Konakiri, babban birnin Gine, akwai wani saurayi ma'aikacin gidan waya, sunansa Seku Ture. A 1945 shi da abokan aikinsa sunka kafa sandikar ma'aikatan gidan waya, shi ne magatakardanta. Ba abin mamaki ba ne su kasance cikin na farko. Sun iya karatu, suna ganin abin da doka ta ce. Kuma aikinsu ya haɗa su da garuruwa masu nisa, suna jin abin da ke gudana can.

Aikin sandika ba yaji kaɗai ba ne. Tana tara koken mutane ta kai wa shugabanni da murya ɗaya. Tana tsaya wa wanda anka kora ba bisa ƙa'ida ba. Tana karanta wa mambobinta doka, kowa shi san haƙƙinsa. Kamar gayya ce: gonar da ta fi ƙarfin mutum guda ba ta fi ƙarfin gari ba.

Sannu a hankali sandikoki sunka haɗa kai. Ran 3 ga Nuwamba 1952 ma'aikatan ƙasashen nan sunka aje aiki rana guda, suna biɗar dokar aiki. Ran 15 ga Disamba 1952 dokar ta fito. Ta ce aikin mako awa 40 ne, ba 48 ba.

Amma ga inda gizo ke saƙa. Ana biyan lebura bisa awa. Ɗauki allonka mu yi lissafi. A ce awa guda dala 5 ce, misali. Awa 48 dala 240 ke nan. Awa 40 kuwa dala 200. Ka ga an rage aiki, an rage tuwo. In ana so kuɗin mako shi tsaya yadda yake, sai awa ta koma dala 6. Wato ƙarin 20 cikin 100. Shi ma'aikata sunka biɗa, anka hana.

Daga ƙarshen Satumba 1953 ma'aikatan Gine sunka shiga yaji, Seku Ture yana gaba. Sunka yi fiye da wata biyu. Ba albashi. Mata sunka tashi tsaye, har wasu sunka sayar da kayan adonsu don a ciyar da gidajen masu yaji. Cikin Nuwamba anka ba da ƙarin nan.

To, yanzu mu koma ga tambayar dattijo. Gaskiya yana da ita. Kowa ya ci ladan kuturu, dole shi yi masa aski. Kuɗin da ke cikin manda ba na ma'aikaci ba ne, ba na gwamnati ba ne. Gumin wani ne, iyalinsa suna jira. Ran da anka rufe ƙofa, mai albashi babba bai kwana da yunwa ba. Talaka ne ya kwana.

Amma amana tana da baki biyu. Ma'aikaci ya yi alkawarin aiki, wanda ya ɗauke shi ya yi alkawarin lada mai adalci. In kai manomi ne, kuma anka saye gyaɗarka da awo na zamba shekara da shekaru, ranar da ka hana sayarwa, wa ya fara cin amana? In an ce mai riƙon amana ba ya da bakin magana har abada, to an mai da shi bawa. Kuma mutumin da yunwa ke ci, kuɗin mutane suna ratsa hannunsa kullum, an sa shi cikin jarraba.

Ga ra'ayina. Yana da ikon aje aiki, amma da sharaɗi uku. Na farko, a fara magana, a rubuta, a jira, sai hanya ta ƙare. Na biyu, a sanar da jama'a tun da wuri, kada wani shi taka ƙasa a banza, kuma a bar ƙofa ga abin da rai ke rataye da shi. Na uku, abin da ka biɗar wa kanka, ka yarje wa waninka.

Wannan na uku shi ya fi wuya. Seku Ture ya zama shugaban Gine a 1958. A 1961 sandikar malaman lakkol ta kai kokenta. Gwamnatinsa ta ce makirci ne, ta kama shugabanninta, wasu anka ɗaure su shekara 10. Wanda ya koya wa mutane kuka, da ya hau, ya hana su kuka. Ashe riƙon gaskiya lokacin da kake ƙasa bai kai wuyar riƙonta lokacin da kake bisa ba.

Yau kuɗi sun fi zuwa ta wayar hannu da gidajen aika kuɗi, wasiƙa ta ragu. Amma tambayar tana nan. Gobe ma'aikatan likita ne, jibi malaman lakkol. Kada ka yi saurin zagi, kada ka yi saurin tafi. Ka tambaya: mi sunka biɗa? Sun fara magana? Sun tuna da mu?

Dattijon nan ya yi shiru, sannan ya ce: "Malam, da sun aiko gari cewa za a rufe, da ban riƙe su a zuciya ba." Ya ɗauki allonsa, ya ci gaba da rubuta adireshi.

Kai fa, mi ka gani? Ku tattauna cikin ajinku, ku rubuto muna da hannunku. Allah shi ba mu ikon riƙon amana, amin.