Yaushe Baƙo Yake Zama Ɗan Gari?

A shekara ta 376, Gotawa suka taru a bakin kogin Danub suna roƙon Rumawa su bar su su haye, gama Hunawa sun kore su daga ƙasarsu. Sarki Balens ya yarda, domin yana bukatar sojoji da manoma. Amma hakiman kan iyaka suka mai da yunwar baƙin abin ciniki, har suna karɓar 'ya'yansu bayi a bakin naman kare. Cikin 378 Gotawa suka karkashe rundunar Rum a Adiriyanobul, sarkin ma bai tsira ba. A 410 suka shiga birnin Rum kansa.

Mai karatu, ina laifin yake? Rumawa suna son ƙarfin baƙo, ba sa son baƙon.

Mu dawo gida. Bayan yaƙin Burmi a 1903, Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya ja jama'a zuwa gabas, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Nilul Azraƙ. Da aka gama madatsar ruwa ta Makwar a 1925, gonakin auduga na Jazira suka nemi hannu, Hausawa kuwa suka ba da nasu. Duk da haka, a 2022 rikicin ƙasa ya tashi tsakanin Hausawa da maƙwabtansu a jihar Nilul Azraƙ, ɗaruruwan rayuka suka salwanta. Tambayar ita ce ta bakin Danub: wanda ya nome ƙasa, ya binne kakanninsa a cikinta, yana da rabo a cikinta?

Ɗan gari ma yana da hujja. Gonar da ya gāda ba ta ƙaruwa, tsoronsa kuma ba ƙarya ba ne. Wajibi ne baƙo ya girmama wanda ya tarar, kada yawa ya sa shi girman kai. Amma in an ce baƙo raɓa ne, raɓar da ta shekara ɗari ai ta zama ruwan rijiya.

Littafin Firistoci, sura 19, ya umarci Isra'ilawa su ƙaunaci baƙo kamar kansu, yana tuna musu baƙuncinsu a Masar. Kowannenmu, in ya bi asalinsa, zai iske kakan da ya taɓa tsayawa a bakin wani kogi yana jiran izini. Wanda ya tuna da wannan ba zai auna maƙwabcinsa da buhunan audugar da ya tsinta kaɗai ba.