Hukuncin da Ba Shi da Ma'auni

Masu iya magana sun ce magana zarar bunu ce, idan ta fita ba ta komawa. A da, wanda ya yi katoɓara a dandali 'yan unguwarsu ne za su ji, su tsawata masa, gobe a manta. A yau kuwa dandalin ya koma cikin wayar hannu, duniya duka ta zama unguwa guda. Tambayar da ke gabanmu ita ce: idan mutum ya yi ɓatanci a kafar sada zumunta, ina iyakar abin da ya halatta mu yi masa?

A watan Disamba na 2013, wata ma'aikaciyar kamfani a Amurka, tana shirin hawa jirgi daga Landan zuwa Afirka ta Kudu, ta rubuta wata mummunar raha a Twitter, inda ta danganta cutar ƙanjamau da launin fata. Mabiyanta ba su kai 200 ba. Ta kashe wayarta, jirgi ya shafe kimanin awa 11 a sama. Kafin ta sauka, maganar ta game duniya: wasu na zaginta, wasu na yi mata barazana, wasu kuma na ƙirga lokacin saukarta tamkar masu jiran a buɗe wasa. Har wani ya je filin jirgi ya ɗauki hotonta. Ta nemi gafara, amma ta rasa aikinta. Marubuci Jon Ronson ya kawo labarinta a littafinsa na 2015 a kan kunyata mutane a bainar jama'a.

Ba mu wanke ta ba. Ta yi wasa da cutar da ta hallaka miliyoyin 'yan Afirka, kuma yin shiru ga irin wannan ba kawaici ba ne, sakaci ne. Matsalar ita ce ma'auni. Alƙali yakan saurari wanda ake tuhuma, ya auna hukunci daidai da laifi, kuma hukuncin yana da ranar ƙarewa. Taron intanet ba shi da ko ɗaya daga cikin ukun nan. Kowa jifa ɗaya ya yi, yana ganin ai 'yar tsakuwa ce; alhali tsakuwa dubu goma tana binne mutum, ba kuma wanda zai amsa cewa shi ya binne shi. Bugu da ƙari, kafafen nan da talla suke samun kuɗi, don haka abin da ya fi tara jama'a shi suke turowa gaba, fushi kuwa gwanin tara jama'a ne. Mafi muni, rubutun ba ya gogewa. Bayan shekaru, duk wanda ya binciki sunan mai laifin, laifin zai fara cin karo da shi. Ke nan mun rufe ƙofar tuba da hannunmu.

A ganinmu, iyakar a fili take. Muna da haƙƙin sukar maganar, mu bayyana muninta, mu nemi a janye ta. Ba mu da haƙƙin yaɗa adireshin gidan mutum, ko firgita iyalinsa, ko ci gaba da bibiyarsa bayan ya amsa laifinsa. Na farko gyara ne, na biyu kuwa zalunci ne da ya ari rigar adalci. Laifi tudu ne, kowa ya taka nasa sai ya hango na wani. Saboda haka, kafin mu ƙara namu jifan, ya kamata mu tambayi zukatanmu: gyaruwarsa muke so, ko kallon faɗuwarsa ke yi mana daɗi?